Daga Agege Nake Kewar Jirgin Jos

Ranar Talatar da ta wuce da sassafe ni da babban ɗana muna tsaye a tashar jirgi ta Agege muna jiran jan jirgin nan na gwamnatin Legas, wanda ke tasowa daga Agbado ya bi Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba ya tsaya Oyingbo. Asibiti zan kai shi a duba masa ido. Da a danfo ne sai dai mu fito tun kafin sallar asuba kuma duk da haka goslo ɗin Oshodi ya cinye mana rabin safiya, amma yau ga mu a zaune, kowa ya ɗana katinsa ya shige, ba kwandasta mai ihu, ba rigimar canji. Yaron ya manna goshinsa a gilashi yana kallon rufin gidajen Mushin suna wucewa, can sai ya juyo ya ce, "Baba, Jos ma akwai jirgi irin wannan?"

Wallahi sai da na ɗan yi shiru kafin na ba shi amsa. Na ce masa akwai layin dogo a Jos tun kafin a haifi kakanka, kuma ba jirgin da ya kai wancan daɗin shiga a duk ƙasar nan, don shi dutse yake hawa. Ya ce to me ya sa duk sallah a mota muke tafiya? Wannan tambayar ce ta hana ni sakat har na zauna nake rubuta wannan.

Ni haifaffen Jos ne, a Gangare aka yanke min cibiya, amma yau shekara goma sha tara ke nan ina Ikko, sana'ata dankalin turawa a kasuwar Mile 12, wani lokaci kabeji da karas idan kakarsu ta kama. Kayan duk daga Filato suke zuwa, Bokkos da Mangu da kewaye, to kun ga maganar hanya tsakanin can da nan ba labarin jarida ba ne a wurina, ita ce cina ita ce shana.

Sau ɗaya tak na hau wancan jirgin da wayona, ina ɗan shekara tara ko goma, ni da mahaifiyata Allah Ya jiƙanta muna dawowa daga Kaduna wajen Goggona. Mun kwana a hanya, gari ya waye mana a Kafanchan. Wanda bai san Kafanchan ta lokacin ba ba zai gane abin da nake nufi ba, gari ne da jirgi ya haifa, nan layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi da Lafiya yake haɗuwa da na Kaduna, nan kuma reshe yake ɓallewa ya nufi Jos. Tashar cike take maƙil, masu tallan ƙosai da doya da rake da dafaffen ƙwai suna bin tagogi, ana Hausa ana Ibo ana Yarbanci ana Katafanci, ma'aikata da tutocinsu ja da kore suna ta kai da kawo ana sauya wa taragai layi. Inna ta saya min rake ta ce in zauna bakin taga ta hannun da za a ga dutse, in riƙe hulata da kyau.

Da muka bar Kafanchan ba a jima ba sai ga duwatsun Kagoro sun taso a gabanmu kamar bango, baƙi ƙirin daga ƙasa, kore shar daga sama don damina ce, gajimare ya sauko ya zauna musu a kafaɗa. Daga nan jirgin ya canja murya. Da yana tafiya ne ƙaƙas ƙaƙas cikin sauri, yanzu sai ya koma nishi, kan jirgin yana ta gurnani yana fitar da baƙin hayaƙi, tafiyar ta koma a hankali har kana iya ƙirga bishiyoyi. Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne idan aka zo kwana, sai ka leƙa ta taga ka hango kan jirginku can gaba yana lanƙwasa, ka waiwaya ka hango wutsiyarsa a baya, kai kana tsakiya kamar a cikin maciji. Bayan Manchok iska ta fara sauyawa, zafin da muka kwaso daga Kaduna ya fita daga jiki, mata suka fara ciro zannuwa suna lulluɓa wa yara, wani dattijo da ke gefenmu ya ce to Alhamdulillahi an fara shiga gida. Sai kuma ka ga an ɓullo fili fetal a saman tudu, ciyawa gajera, shanun Fulani, duwatsu a ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su, gonakin acca da shingen ƙerana, sai kududdufan da haƙar kuza ta bari cike da ruwa suna ƙyalli. Kuru, Bukuru, sai Jos. Raken nan ban ma sha shi ba, a hannuna ya iso gida.

Tsakanin Kafanchan da Jos kusan kilomita 100 ne kawai a dogo, amma a cikinsu jirgi yake hawa daga ƙasa zuwa garin da ke sama da mita 1,200 daga teku. Kuma fa ba don mu aka yi shi ba, a faɗi gaskiya, don kuza aka yi. Kafin zuwan jirgi a ka ake ɗaukar kuzar Filato, 'yan dako suna tafiya kwana da kwanaki da ƙafa zuwa bakin kogi. Turawa suka fara shimfiɗa wani ɗan siririn layi daga Zariya, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, ya bi ta Rahama ya hau tudu ya isa Bukuru a 1914. Daga baya a 1927 aka kawo layin Kafanchan mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, daidai da sauran layukan ƙasar, kuza ta samu hanyar Fatakwal kai tsaye, gawayin Inugu kuma ya samu hanyar hawowa. Shi ɗan siririn na Zariya ya ci gaba da lallaɓawa har 1957 aka rufe shi, wanda ya je gidan tarihi na Jos zai ga ragowar kayansa a ajiye. Sannan aka ja wani layin daga Kuru ya gangara Bauci da Gombe ya dire Maiduguri a 1964. Ko sunan babbar kasuwarmu ta Taminus da ta ƙone a 2002, ai daga tashar jirgin ya samo asali, wato ƙarshen layi. Yaran yanzu suna cewa za su Taminus ba su ma san jirgi suke ambata ba.

Akwai wani tsoho a nan Zangon Agege da muke sallah masallaci ɗaya, tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi aiki Zariya ya yi Kafanchan ya yi ritaya a Ebute Metta, ya ƙi komawa gida ya ce 'ya'yansa duk nan suke. Bayan isha'i na same shi a kan bencinsa na gaishe shi na ce Baba, wai me ya sa jirgi yake shan wahala haka a hawan Jos? Ya gyara zama, ka san tsoho idan ka taɓo masa inda yake so. Ya ce, "Ɗana, ƙarfe ne a kan ƙarfe. Tayar mota roba ce tana kama kwalta, ta jirgi ba ta kama komai sai da nauyi. Hawan da mota za ta yi tana waƙa, jirgi in ka ba shi sai ya tsaya yana murza ƙafa wuri ɗaya. Shi ya sa ba a miƙe masa hanya, sai a yi ta zagaya dutsen da shi kaɗan kaɗan." Ya ce da safe idan raɓa ta kwanta kan dogo ko an yi yayyafi, akwai yashi da kan jirgin yake ɗauke da shi a akwati, direba yana sakinsa gaban tayoyi don su samu abin kamawa. Kuma wai hawan ba shi ne abin tsoro ba, gangarowa ce, don nauyin taragai duk yana turo ka daga baya, direban da bai iya birki ba ba a ba shi wannan layin.

Na ce to Baba me ya kashe shi? Ya ce ba rana ɗaya ya mutu ba. Ruwa ne babban abokin gabar layin dutse, kowace damina sai ya cike kwalbati da ƙasa, ya zaizaye gefen dogo, ya gangaro da duwatsu. A zamaninsu kowane yanki da gungun leburorinsa, kullum da safe sai mutum ya taka rabonsa da ƙafa da guduma a kafaɗa yana duba kusoshi yana share magudana. Da aka daina biyan waɗannan, aka daina sayen kayan gyara, tireloli kuma suka kwashe kayan da jirgi ke samun kuɗi da su, sai jirgi ya koma zuwa sau ɗaya a mako, daga nan sai randa aka ga dama, daga nan shiru. Ciyawa ta rufe, masu gini suka matso, ɓarayin ƙarfe suka shigo da abin yanka. Ya yi shiru ya ce, "In ka je gida ka ɗauko min hoton tashar Kafanchan a wayarka, ko yaya ta koma ina so in gani."

Yanzu bari in gaya muku yadda muke yi da babu jirgin. Tirela ta yi lodin dankali a Bokkos, ta gangaro ta Hawan Kibo, Akwanga, Abuja, Lokoja, Okene, ta ratso ƙasar Yarbawa ta shigo Ikko. In an yi sa'a kwana biyu, in mota ta lalace ko hanya ta toshe a Lokoja kwana huɗu ko biyar, ga shingaye ba iyaka kowa da rasit ɗinsa, ga kuɗin gas da ya ninka. Dankali kuwa ba ya son zafi, buhun da ke tsakiyar lodi sai ya fara gumi, kana kwance bakinsa wari ya buge ka ka san an yi asara. Bara waccan mota guda muka yi haɗaka mu huɗu, ta kwana uku a gefen hanya ana jiran makaniki, da ta iso kusan kashi ɗaya cikin uku sai zubarwa muka yi, yaran da ke tsince mana suna toshe hanci. Kuɗi dai ana mayarwa. Amma Hawan Kibo ba dankali kaɗai yake ci ba, duk ɗan Jos ya san wani da ya rasa a gangaren nan, ni yaron motar da muka saba da shi shekara shida can ya tafi, birki ya tsinke musu da dare. Duk lokacin da zan kai iyali gida a doguwar bas, in aka zo wurin matata ba ta buɗe ido sai an hau, addu'a kawai take yi tana riƙe da ƙaramar.

Ba wai ban ga abin da aka yi ba ne. An yi aiki, kuma wanda ya ce ba a yi ba bai yi adalci ba. Abuja zuwa Kaduna ya fara a 2016, Warri zuwa Itakpe a 2020, Legas zuwa Ibadan a 2021 wanda ni kaina na sha shiga daga nan Agege in sauka Moniya, ga shuɗin jirgin Marina zuwa Mile 2 tun 2023, ga jan namu a 2024, ana kuma kan aikin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. Amma duk waɗannan sabon layi ne mai faɗi, milimita 1,435, shi kuwa namu na dutse tsoho ne mai 1,067, wato ƙafa 3 da inci 6 ɗin nan, jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan. A 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da gyaran layin gabas gaba ɗaya, Fatakwal zuwa Maiduguri, kilomita 1,443, mun yi murna sosai a kasuwa ranar, to abin da ya fara aiki shi ne Fatakwal zuwa Aba. Daga Aba zuwa Kafanchan kuwa tafiya ce mai nisa, in aka ce sai an bi layi daga kudu tasha bayan tasha kafin a iso mu, yaron nan nawa sai ya yi gemu.

Nan ne nake saɓawa da abokaina da yawa. Muna shan shayi a Mile 12 wani ya ce ai gyaran tsohon layi ɓata kuɗi ne, a bari kawai a yi mana sabo mai gudu irin na Ibadan. Na ce Alhaji, a kan dutse gudun me kake nema? Layi mai faɗi yana son kwana mai faɗi, kafin ka hau da shi Filato sai an fasa duwatsu an yi gadoji masu tsawo, kuɗin da za a nema sai an ciyo bashi, bashin kuma sai an shekara ana zaman teburi. Alhali ga hanya nan Turawa sun riga sun sare ta kusan shekara ɗari, filin na hukuma ne ba sai an biya diyyar gona ba, abin da ake bukata a sauya ƙarafan da suka lalace ko aka sace, a gyara kwalbatoci da gadoji, a zuba tsakuwa, a kawo kan jirgi biyu ko uku masu lafiya. Kuma siririn layi ba abin kunya ba ne, Afirka ta Kudu kusan duk da irinsa take aiki, Japan ma yawancin jiragenta na yau da kullum a kan 1,067 ɗin nan suke. A Indiya akwai na Darjeeling da ya fi namu sirantaka nesa ba kusa ba, ƙafa 2 kacal, tun 1881 yake hawa dutse, ba su tumɓuke shi ba, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999, mutane na biyan kuɗin jirgin sama su je su hau shi.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne ɗan gajeren jirgin da gwamnatin Filato da hukumar jiragen ƙasa suka dawo da shi tsakanin Jos, Bukuru da Kuru. Ƙanwata da ke aure a Bukuru ta turo min bidiyo a WhatsApp, yara a bakin layi suna tsalle suna ɗaga hannu, wata tsohuwa tana share hawaye da bakin zani. To tunda an iso Kuru, ai an zo bakin gangare. Abin da nake roƙo a ƙara shi ne a sauko da shi Manchok, Kagoro, Kafanchan, daga nan a haɗa da Kaduna ta Zonkwa. In aka yi haka mutumin Jos zai sauka Kaduna ya kama na Abuja, ko ya bi tsohon layin yamma ta Minna, Jebba, Ilorin har tashar Iddo ta Legas idan shi ma an tsaya masa. Ba sai an jira Fatakwal ba, a fara daga sama a gangaro, su ma su taso daga ƙasa, a haɗu a tsakiya.

Kuma don Allah in za a yi, a yi shi da lokaci. Ba kwalliyar tasha ce ke sa mutum ya saba da jirgi ba, sanin cewa ƙarfe bakwai na safe zai tashi yau, zai tashi gobe, zai tashi ranar da ake ruwa. Ko sau ɗaya ne a rana ya isa a fara. A sa tarago ɗaya ko biyu na kaya a baya, mai iska, inda mace mai buhu biyar na dankali ko kwando goma na tumatir za ta biya ta sa kayanta ta zauna a gaba, don ƙananan 'yan kasuwa su ne za su riƙe layin ranar Talata da Laraba, ba masu yawon buɗe ido ba. Su masu yawon a ba su nasu tarago mai manyan tagogi ranar Asabar da Lahadi a caje su da kyau, ba su ƙi ba. Ina zaune da mutanen Legas, na san yadda suke kashe kuɗi a Disamba don su je inda ake sanyi su ɗauki hoto, yawancinsu ba su san akwai wuri a ƙasar nan da za ka nemi bargo da rigar sanyi ba, ga ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, ga bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, ga dutsen Riyom, ga tsaunukan Shere a bayan Jos.

Na san abin da ke ran mai karatu, tsaro. Ba zan yi kamar ban san shi ba. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 har yau yana ran kowa, kuma yankin da layin nan yake ratsawa, kudancin Kaduna da Riyom, ya sha zubar da jini, mu 'yan Jos tun 2001 muka san ɗacin abin, akwai unguwannin da na yi wasa a cikinsu ina yaro da yau sai na yi tunani kafin in shiga. Dole jirgi ya yi tafiyarsa da rana, dole a sa jami'ai, amma ni a ganina babban mai gadin dogo shi ne mutumin ƙauyen da dogon ya bi ta bayan gidansa. A ɗauki 'ya'yansu aikin duba layi kamar yadda Baba ya ce ana yi da, kowane gari da rabonsa da albashinsa, jirgi ya riƙa tsayawa a tasharsu matansu su sayar da doya da zuma da citta. Wanda yake ci daga layi ba zai bari a zo da dare a yanke shi ba. Layin da ba ya tsayawa a garinka kuwa, ƙarfe ne kawai a daji.

Akwai kuma abin da ban iya auna shi da kuɗi ba. A taragon nan da na shiga ina yaro, matar da ke fuskantar Inna Kirista ce 'yar Kagoro, da kwandon kajinta a ƙarƙashin kujera, kafin a kai Kuru sun san sunayen 'ya'yan juna, ta ba ni gyaɗa Inna ta ba ɗanta ƙuli. Yanzu kowa da tasharsa, kowa da motar mutanensa, har hanyar da za a bi a shiga gari ma an raba. Ban ce jirgi zai sasanta abin da manya suka kasa ba, amma awa uku gwiwa na gogar gwiwa ba ƙaramin abu ba ne ga yaran da suka tashi ba su taɓa zama benci ɗaya ba.

Da muka dawo daga asibiti ranar, a jirgin yamma, na nuna wa yaron bidiyon da gwaggonsa ta turo, ya kalla sau uku. Na yi masa alkawari in Allah Ya kai mu babbar sallah za mu je Taminus mu yanki tikiti mu shiga har Kuru, in nuna masa inda layin ya rabu, ɗaya ya yi Bauci ɗaya ya gangara Kafanchan. Daga can ni zan shiga mota in sauka Kafanchan ɗin in ɗauko wa Baba hotonsa, ya ce in tabbata na ɗauki wajen da ake juya kan jirgi, in yana nan.